Faifan da Baba Ya Rataye wa Tsuntsaye

Litinin, 3 ga Maris

Yau Baba ya kunyata ni a gaban likita, har yanzu raina bai huce ba.

Na rufe shago na raka shi asibiti saboda tarin nan nasa da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Muna zama likitar ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Baba, ina faifan da na ce ka kawo mini tun watan jiya?" Wane faifai? Ni yau na fara ji. Na juya na kalle shi, shi kuma ya tsura wa fanka ido kamar yau aka ƙera ta.

Ashe sabon hoton ƙirjin da aka yi masa ya nuna wani ɗan ƙullutu a huhunsa na dama. Likitar ta yi mini bayani dalla-dalla. Shekarun baya, lokacin da ya yi zazzaɓin nan mai tsanani, an taɓa yi masa irin hoton a wani ƙaramin asibiti, aka zuba masa a faifan sidi ya taho da shi gida. In ta samu tsohon hoton za ta gwada shi da sabon. In ƙullutun yana nan yadda yake tun wancan lokacin, tsohon tabo ne, a ƙyale shi. In kuwa ya girma, tiyata ce ba jira. Zuciyar Baba ba ta da ƙarfin da za a yanka shi a kan zato, don haka in babu faifan sai dai a zauna watanni a sake hoto. "Ni kuwa ba na son wannan jiran," in ji ta.

Baba ya ce faifan ya ɓata. Haka kawai, ya ɓata, kamar cokali.

Ni da sana'ata ke nan! Shekara da shekaru ina gyaran kwamfuta, ina ciro wa mutane hotunan aurensu daga faifan da 'ya'yansu suka yi tuƙin mota da shi, amma ubana ya rufe ni ruf bai ce mini uffan ba.

A hanyar dawowa ya ce mu tsaya zai sayi zare. Zare, jama'a!

Talata, 4 ga Maris

Na je ƙaramin asibitin ko suna da kwafi. Yanzu tayil ake sayarwa a wurin. Mai gadin ya ce tun bara aka kwashe injinan, ya kuma tambaye ni ko ina gini.

Laraba, 5 ga Maris

Na juye gidan Baba. Akwatin takardu, ƙarƙashin katifa, aljihun riguna, har kwanukan marigayiya Inna da ba a taɓa su ba tun rasuwarta. Na samu rasidin rediyon da ya girme ni, na samu haƙorin roba da ban san na wane ne ba. Faifai babu.

Shi kuwa yana bayan gida yana ba tumatirinsa ruwa, yana zagin tsuntsaye. Ko sannu da aiki.

Yaya ya kira daga inda yake, ya ce in duba da kyau. Na gode, Yaya. Da ma da idona a rufe nake dubawa.

Alhamis, 6 ga Maris

Na same shi. Allah ka ba ni haƙuri, na same shi.

Da hantsi na fita bayan gida in ce wa Baba na gaji, sai wani haske ya haske mini ido. Lambun nan nasa, taku kaɗan ne tsakanin katanga da tankin ruwa, amma ya ja masa waya ya rataye fayafai reras don su riƙa walƙiya suna korar tsuntsaye. Ni ce ma nake kawo masa su, matattun fayafan shago da ba su da sauran amfani, shi ya sa ko kallonsu ban yi ba jiya. Yau dai iska ta juya ɗaya, na ga fari ne, da tambarin asibiti, da sunan Baba ɓaro-ɓaro.

Yana lilo a kan tumatir. An zura masa zare ta rami, iska tana gwara shi da waya, ƙwas, ƙwas.

Na ce, "Baba, mene ne wancan?"

Ya ce, "Au, shi ne? Ai duk kamarsu ɗaya, Auta."

Kafin in kai hannu ya riga ni. Ya tsinke zaren, ya hura wa faifan iskar baki, ya kama bakin rigarsa, rigar da ya wuni da ita a cikin ƙasa, ya shiga murza shi yana zagayawa kamar mai wanke faranti. Na yi ihun da sai da tsuntsayen suka tashi. Ina jin ƙarar yashi a jikin robar har cikin haƙorana.

"To na goge miki ne," in ji shi. "Abin alheri ma laifi ne?"

Na fizge faifan daga hannunsa. Na naɗe shi a gefen mayafina na fito, ko sallama ban yi ba. A hanya na yi ta ƙunƙuni ni kaɗai har wata mata ta matsa daga kusa da ni.

Juma'a, 7 ga Maris

Na wanke shi da ruwa da ɗigon sabulu, daga rami zuwa baki, a miƙe, yadda ya kamata. Sannan na ɗaga shi a gaban fitila ina addu'a.

Abin da mutane ba su sani ba, kuma na gaji da faɗa: ba a gefen mai sheƙi bayanan suke ba. Gefen mai sheƙi roba ce mai kauri, taga ce kawai da hasken na'ura yake leƙawa ta ciki. Bayanan suna can sama, dab da ƙarƙashin rubutun, a wata 'yar fata da ba ta kai ɓawon albasa ba. In saman ya huje, shi ke nan, ko wa ka sani. In ƙasan ne ya kwarzane, ana iya goge tagar.

Alhamdu lillahi, haske bai ɓullo ta ko'ina ba sai wasu 'yan huji a can baki, inda ba a rubuta komai ba. Saman ya tsira. Ƙasan kuwa kamar kaji sun yi tono.

Kwarzanen waya bai dame ni ba, don yawanci a gicciye yake, na'ura tana iya tsallake shi ta cike gurbin. Na rigar Baba ne masifar. Bayanan faifai a zagaye suke tafiya, shi ma a zagaye ya murza, don haka kowane layi ya bi hanyar bayanan ya kwanta a kanta. Ga kuma inda zare ya ci kusa da rami, daidai wurin da faifai yake faɗa wa kwamfuta abin da ke cikinsa.

Na saka shi a na'ura don in ji ta bakinta. Ta yi gurnani, ta yi shiru, ta ce faifan babu komai a ciki. Na ce ke ce babu komai a cikinki.

Asabar, 8 ga Maris

Yaya ya turo mini bidiyo: wai a shafa man goge baki. Bayan ɗan lokaci ya turo wani: ɓawon ayaba. Na ce masa in ya ga na man shanu ma ya turo, sai mu soya faifan gaba ɗaya. Ya ce ba ni da kunya. Shi dai yana nesa, aikinsa turo bidiyo da tambayar "ya ake ciki".

Litinin, 10 ga Maris

Na sauko da injin gogewa daga saman kanta. Ya daɗe bai yi aiki ba, yanzu wa yake kawo faifai in ba tsofaffi da masu shari'a ba. Na canza masa soso, na gwada shi a kan wani mataccen faifai tukuna, don ba zan yi koyo a kan huhun ubana ba.

Gogewa ba cike ramin kwarzane take yi ba, cin robar take yi har ta sauko daidai da ramin. Kowane zagaye faifan yana ƙara sirancewa. In ka yi zari ya yi zafi ya lanƙwashe, garin gyaran gira a rasa ido.

Na saka faifan Baba, ya fito yana sheƙi, amma layukan rigar suna nan, sun dai dushe.

Na'urorin karanta faifai uku gare ni. Sababbin biyu ba su da haƙuri, da sun ci karo da kwarzane sai su tofo faifan waje. Sai tsohuwar nan da na ciro daga wata kwamfutar ofis, wadda nake kira Kaka. Kaka ba ta sauri, ba ta fushi, tana iya wuni a kan wuri ɗaya tana nanatawa. Na sa ta a mafi ƙarancin gudu, na kunna manhajar da take kwashe abin da ya karantu ta tsallake wanda ya ƙi, daga baya ta dawo masa. A allo ƙananan akwatuna ne: kore ya karantu, ja ya ƙi.

Zuwa la'asar allon ya yi kama da lambun Baba, kore da ja, jan ya fi yawa.

Talata, 11 ga Maris

An ɗauke wuta Kaka tana tsakiyar aiki. Abin da ya zo mini baki ba na rubutawa ba ne.

Laraba, 12 ga Maris

Mai agogo, maƙwabcin shagona, ya leƙo da gilashinsa a goshi ya ce, "Injiniya, yau kuma da wa ake faɗa? Tun safe nake jin kina cewa don Allah, don Annabi." Na ce da Kaka nake. Ya ce a gaishe ta.

Kore ya ƙaru, amma akwai wani jan zobe a tsakiya da ya kafe. Hoton nan ba ɗaya ba ne, ɗaruruwa ne, an yanka ƙirjin sala-sala kamar burodi, daga wuya zuwa ciki. Na ciro na sama, na ciro na ƙasa. Na tsakiyar, inda likita ta ce ƙullutun yake, su ne a ƙarƙashin zoben. Da ma mana. Ina kuma za su kasance?

Sai an sake gogewa, kuma wannan karon da hannu, da samfefa mai laushi, a kan zoben kaɗai. In hannuna ya karkace, na gama da shi.

Na kira Baba in ji ko ya sha magani. Ya ce tsuntsaye sun gane an cire faifai ɗaya, ta nan suke shigowa. Wai ni ce na buɗe musu ƙofa. Yana maganar yana tari, tarin da sai da na janye wayar daga kunnena.

Alhamis, 13 ga Maris

Baba ya zo shago.

Tun da na buɗe wurin nan bai taɓa tako shi ba. Kullum cewa yake aikina wankin faranti ne da lantarki. Yau sai ga shi da rana tsaka, da hularsa ta zuwa unguwa, yana haki saboda matakala. Na ba shi kujerar masu jira, ya ƙi, ya jawo wadda take gaban allo.

Ya daɗe yana kallon akwatunan. Ya ce, "Jan nan fa?"

Na ce, "Aikin rigarka ne."

Na ɗauka zai yi musu kamar kullum. Sai ya ce, "Na san ba a goge shi a zagaye. Ke kika faɗa mini, ranar da kika kawo mini fayafan farko. Kika ce daga rami zuwa baki."

Na ce, "Wato da gangan?"

Ya ce ranar da likita ta ce ya kawo faifan, yana dawowa gida ya ciro shi daga akwati, ya riƙe shi har aka kira magariba. Ya kasa karya shi, ya kasa jefarwa, sai ya rataye shi. Wai in rana da iska sun cinye shi, ba shi ya yi ba.

Na fara faɗa. Na ce Baba ka san abin da ka yi kuwa, ka san in abin nan yana girma kowane wata asara ne, ka san kwana nawa ban yi barcin kirki ba, kai ba yaro ba, rashin sani ai ya fi dare duhu. Na faɗi da yawa. Har Mai agogo ya rage ƙarar rediyonsa.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Auta, ke sani kike so. Ni kuwa ni za a yanka. Innarku da ƙafarta ta shiga ɗakin tiyata, tana ce mini in kula da tukunya. Ba ta fito da rai ba."

Na juya wajen allo.

Kaka tana ta ƙirƙir. Can wani jan akwati ya koma kore a gabanmu. Baba ya ce, "Kai! Tsohuwar nan akwai naci." Na ce ai gado ne a gidanmu, taurin kai. Ya yi dariya, dariyar ta koma tari.

Da zai tafi bai ce in daina ba. Na jira ya faɗa, bai faɗa ba. Ya dai tambaya ko ina da wasu matattun fayafan. Na ce babu. Akwai kwali guda a ƙarƙashin tebur, amma haushi bai bar ni ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Na rufe ƙofar shago, na kashe waya saboda Yaya. Ruwa a roba, samfefa mafi laushi, tawul a kan tebur. Daga rami zuwa baki, daga rami zuwa baki, ba dannawa, kamar mai shafa kan jariri. Faifan ya yi fari fat kamar hazo, wanda in mai shi ya gani a wannan matakin sai ya suma. Sannan man gogewa, sannan inji na ɗan lokaci kaɗan, ina taɓa shi ina jin zafinsa.

Da na gama na ɗaga shi a gaban fitila.

Zoben ya tafi, saura wani ɗan gutsure. Na miƙa wa Kaka. Na ce mata in ta yi mini wannan, ba zan sake zaginta ba har abada.

Asabar, 15 ga Maris

Kore. Kusan duka kore.

Jan da ya rage bai taɓa hotunan tsakiya ba sai guda biyu, kuma na gefensu sun fito lafiya. Da yake zare ya cinye wurin sunaye, sun fito a hargitse ba suna, amma kowane hoto yana ɗauke da lambarsa a cikinsa, na jera su. Na zuba a filas, ɗan ma'ajin bayanan nan da ake soka wa kwamfuta, na zuba a wani filas ɗin, na zuba a kwamfuta, na tura wa kaina. Wannan karon ko tsuntsayen duniya za su taru.

Na buɗe ina wucewa sala bayan sala. Haƙarƙari, baƙin fili, farin reshe-reshe. Cikin ƙirjin Baba ke nan, a kan teburina, kusa da kwalbar man gogewa. Na ga wani ɗan farin ɗigo a dama. Ko shi ne, ko jijiya ce, oho. Ban san girman na yanzu ba balle in gwada. Na sa yatsa na rufe shi, na buɗe, na rufe.

Na zaci zan yi tsalle. Sai na kashe allon na zauna.

Lahadi, 16 ga Maris

Ban gaya wa kowa ba. Ai yau Lahadi, likitar ba ta zama.

Litinin, 17 ga Maris

Yaya ya kira, na ce saura kaɗan. Aiki ya yi mini yawa yau, wani ya kawo kwamfutar da ya yi wa wanka da shayi. Gobe.

Filas ɗin yana cikin jakata, a aljihun da yake da zif. Sau nawa na taɓa shi ban sani ba.

Talata, 18 ga Maris

Na biya gidan Baba da safe in kai masa magani. Yana lambu. Ya tambayi Kaka, na ce tana fama. Ya ci gaba da tsinke busassun ganye, bai ɗago ba.

Ya ce, "Ranar Asabar na kira Mai agogo in tambaye shi batirin agogona. Ya ce ya ji kin daina roƙon tsohuwar."

Munafukin Allah! Shi da gilashinsa a goshi.

Na fara kame-kame, wai sai na tabbatar, wai akwai hotuna biyu da ba su fito ba. Baba ya juyo ya kalli jakata, ya kalle ni. Ya ce, "Ke ma kin rataye shi ke nan. Naki zaren dai ba a gani."

Kuka ya zo mini, kuma na ji haushin kukan, don ni ce mai gaskiya tun farkon maganar nan. Na ce Baba in ta ce ya girma fa? Ya ce to ya girma. Ya wanke hannunsa a bakin tanki, ya ce, "Yarinya ta ci robar faifai da hannunta saboda ni, sai in bar aikin ya tashi a banza? Kira ta ki ce gobe muna tafe."

Wai shi ne yake ba ni baki. Duniya kenan.

Laraba, 19 ga Maris

Ya girma.

Likitar ta jera su a allo, tsoho a hagu, sabo a dama. Ɗigon da na rufe da yatsa shi ne. A da kamar ƙwayar gero, yanzu kamar wake. Ta ce hotunan sun fito sarai, biyun da suka ɓata ba su hana komai ba. Ta ce har yanzu ƙarami ne, yana wuri ɗaya, kuma gara yau da watanni masu zuwa. Za ta haɗa shi da likitan zuciya. Litinin za a yi tiyatar.

Baba ya ce, "To." Ya gyara hularsa. Ni ce na yi ta tambayoyi har likitar ta ce in numfasa.

Wannan shi ne abin da na ciro. Kwana da kwanaki ina lallashin inji don ya faɗa mini wannan.

A hanya bai ce a tsaya sayen komai ba.

Lahadi, 23 ga Maris

Yaya ya iso, da jaka biyu da shawara buhu guda.

Baba ya ja ni lambu ya yi mini lacca. Ruwa da sassafe, a gindi ba a ganye ba. Kada in tsinki wanda bai nuna ba. Faifai kuma ba a ɗaure shi tamau, sai an bar masa zare mai tsawo ya samu juyawa, in bai juya ba tsuntsu ya gane ƙarya ce. Na ce Baba ni fa ba manomiya ba ce, ina da shago, tumatir ɗin nan gaba ɗaya bai cika kwano ba. Ya ce ya ji. Ya nuna mini gurbin da na cire faifan, ya ce ta nan suke shigowa.

Ya buɗe baki zai ƙara wani abu, na ce kada ya kuskura ya ce mini in kula da komai. Ya rufe bakin.

Litinin, 24 ga Maris

Sun shiga da shi da ƙafarsa. Ya fito. Ya fito, ya fito, alhamdu lillahi.

Alhamis, 27 ga Maris

An dawo da shi ɗakin marasa lafiya. Roba a hanci, roba a gefen ƙirji, murya kamar ta sauro, amma bakin yana nan. Likita ta ce sun cire shi duka, sauran bayani sai sakamako ya fito. Yaya yana ta gaya wa masu zuwa dubiya yadda "muka" gyara faifan. Na bar shi.

Baba ya yafito ni da yatsa, na sunkuya. Na zaci ruwa yake so. Ya ce, "Gurbin nan."

Na ce Baba don Allah ka ji da kanka, ni ina na ga lokacin tsuntsaye.

Gaskiya tsuntsayen nan ba su da mutunci. Jiya da sassafe na je ba da ruwa, a gindi ba a ganye ba, na tarar sun fafe manya biyu, waɗanda suka fi kyau. Na ji wata tana zaginsu da irin zagin Baba, kalma a kan kalma, na waiga ban ga kowa ba sai ni.

Kwalin nan na ƙarƙashin tebur da ma ya tare mini wuri, shi ya sa na kai shi lambun. Na rataye fayafan a layin baya. Gurbin kuwa babu wanda ya dace da shi sai farin, mai tambarin asibiti, tunda yanzu ba abin da ke cikinsa da ba ni da shi a wuri huɗu. Ya fi sauran walƙiya nesa ba kusa ba, ai ya sha guga. Na bar masa zare mai tsawo.

Kafin in ɗaura na ga ƙura a jikinsa, na goge da bakin mayafina. Sai da na gama na lura a zagaye na goge.

Ba zan gaya masa ba. In ya dawo ya gani da idonsa, ya ce ban iya ɗauri ba.